Baƙin Rinin Golgi

Marinin da zai tsoma farin yadi a karofi ya fito da shi a ga zare ɗaya tak cikin ɗari ne ya kama baba, sauran na nan fari fat, to ya yi sallama da masu kawo masa aiki. Amma irin wannan rinin ne, mai kama ɗaya ya tsallake ɗari, ya fara nuna wa likitoci yadda aka gina ƙwaƙwalwa. A ɗakin girkin wani asibiti da ke arewacin Italiya aka haɗa shi a shekarar 1873, kuma gardamar da ta biyo bayansa ba a kashe bakinta ba sai da aka haura shekara 80, bayan duk waɗanda suka fara ta sun bar duniya.

Duk wanda ya taɓa fasa kan rago bayan layya ya san abin da ke ciki: wani abu lallausa, fari-fari da ruwan toka, kamar awarar da ba ta gama kama jikinta ba. Ba ya bugawa, ba ya motsi, ba ya nuna alamar yana wani aiki. Zuciya kuwa kowa na jin ta. A tsorata ka ta yi tsalle, a ɓata maka rai ta yi zafi. Shi ya sa ban ga laifin Masarawan zamanin Fir'auna ba, da in za su adana gawa suke zaƙulo ƙwaƙwalwa ta hanci su yar, su bar zuciya a mazauninta. Aristotle ma, duk iliminsa, cewa ya yi hankali a zuciya yake, ƙwaƙwalwa aikinta sanyaya jini. Mu kanmu har gobe "zuciyata ta raya mini" muke cewa. Likitocin Iskandariyya ne, wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, suka fara bambance jijiyar da ke kai saƙo da wadda ke ɗaure tsoka da ƙashi. Kafin su, Girkawa da kalma ɗaya suke kiran su, kamar dai yadda tamu "jijiya" ta haɗe ta jini da agara da ta saƙo a baki ɗaya. Daga baya likita Jalinus, a birnin Rum, ya riƙa tara jama'a ya kwantar da alade yana ta ihu, ya yanke wata siririyar jijiya a wuyansa, nan take ihun ya ɗauke alhali dabbar na numfashi. Jijiyar nan daga ƙwaƙwalwa ta sauko, ke nan daga kai ake ba murya umarni.

Zuwa tsakiyar ƙarni na 19 an san abubuwa da dama. Galvani ya nuna a 1791 cewa ƙafar mataccen kwaɗo na harbawa in lantarki ya taɓa jijiyarta. Helmholtz ya auna gudun saƙon a 1850, ya samu kusan mita 30 cikin daƙiƙa ɗaya a jijiyar kwaɗo. A 1861 Broca ya buɗe kan gawar wani majinyaci a birnin Faris, wanda ya shekara 21 ba ya iya furta komai sai "tan", ya tarar da rauni a gaban ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwarsa. Abin da ya gagara shi ne sanin tubalin ginin. Tun 1839 Schwann ya kafa hujja cewa jikin dabba duk da ƙwayoyin halitta aka gina shi, kowace ƙwaya da iyakarta. Hanta haka, fata haka, jini haka. Ƙwaƙwalwa ce kaɗai ta ƙi ba da kai. In aka yanko ta siriri kamar ɓawon albasa aka sa a madubin likita, ba a ganin komai sai hazo. In aka rina ta da jan rinin da ake da shi a lokacin, sai a ga ɗigo-ɗigo cikin zaren da ya cukurkuɗe, ba a san farkonsa ba balle ƙarshensa. Wani matashin Bajamushe, Otto Deiters, ya yi haƙurin tsefe ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya da tsinin allura, ya ga kowace tana da gangar jiki, da gajerun rassa masu yawa, da kuma dogon zare guda ɗaya. Ina zaren yake ƙarewa? A nan allura ta gaza. Sai Joseph von Gerlach ya ba da amsa wajen 1871: zaruruwan ba sa ƙarewa, narkewa suke cikin juna su zama raga ɗaya, kamar tarun masunta, saƙo na bin ta ko'ina ba shamaki. Kusan duk manyan malaman Jamus suka karɓa.

Wanda ya haɗa rinin da muka fara da shi, Camillo Golgi, da Italiyawa ke furta sunansa Golji, an haife shi a 1843 a Corteno, wani ƙauyen kan duwatsu. Ɗan likita ne, ya karanta likitanci a Jami'ar Pavia, inda ya kamu da son leƙen madubi. Son bincike ba ya cika tukunya, mahaifinsa kuma ya matsa masa ya nemi aikin da zai riƙe shi. Haka a 1872 ya karɓi shugabancin likitoci a wani asibitin masu cutar da ba ta warkewa a garin Abbiategrasso, kusa da Milan. Babu ɗakin gwaji, babu abokin shawara. Ya share ɗakin girki ya jera kwalabensa.

Haɗin da ya dace da shi bai da wani tsawo. A jiƙa guntun ƙwaƙwalwa kwanaki cikin ruwan wani gishiri mai launin lemo, wanda ake kira fotasiyam daikuromet, har ya yi tauri. Sannan a tsoma shi cikin ruwan sinadarin azurfa. Sinadaran biyu in suka gamu sai su haifi wani baƙin gari, garin nan kuma ya cika ƙwaya ɗaya tun daga gangar jikinta har ƙarshen siraran rassanta, ya bar maƙwabtanta fiye da 90 cikin ɗari ko taɓa su bai yi ba. Sai ka ga ƙwayar ta fito baƙa wuluk a kan fili ruwan ɗorawa, tamkar kuka guda a tsakiyar fako da rani, kowane reshe a bayyane. Da rinin ya kama duka, da baƙin dunƙule kawai za a gani. Har yau masana ba su gano dalilin da ya sa yake zaɓar wannan ƙwaya ya bar waccan ba. Golgi ya buga bayaninsa a wata mujallar likitocin Italiya a watan Agustan 1873, gajeren rubutu, da Italiyanci. Duniyar ilimin lokacin Jamusanci take ji. Rinin kuma mai taurin kai ne, yau ya kama gobe ya ƙi. Aka yi shekara 14 'yan ƙalilan ne suka damu da shi, cikinsu har da wani saurayi ɗan Norway, Fridtjof Nansen, wanda ya je Pavia takanas ya koya, kafin ya bar madubi ya shahara da ratsa ƙanƙarar arewacin duniya.

Shi kuwa mai rinin, da ya duba abin da hannunsa ya fitar, raga ya gani. Ya ce gajerun rassan ba saƙo suke ɗauka ba, saiwoyi ne da ƙwaya ke shan abinci da su. Dogayen zaruruwan kuma su ke sarƙewa su zama raga ɗaya. Ya gyara maganar Gerlach, bai rushe ta ba.

A shekarar da aka haɗa rinin ne wani ɗan Sifaniya mai shekara 21 ya kammala karatun likita a Zaragoza. Santiago Ramón y Cajal, ana furta shi Kahal, ba yaron da malami zai yi fatan samu a ajinsa ba ne. Yana ɗan shekara 11 ya ƙera igwa da hannunsa, ya ɗura mata albarushi, ya tarwatsa ƙofar maƙwabci, aka kulle shi kwanaki. Zane yake so, mahaifinsa kuma likita yake so ya zama. Da faɗa da duka suka ƙi ci, uban ya kai shi koyon wanzanci, daga nan ya miƙa shi wurin mai ɗinkin takalma. Abin da ya sasanta su a ƙarshe ƙasusuwa ne: uban ya ɗebo su daga tsohuwar maƙabarta don koya masa ƙirar jiki, ɗan ya zana su, uban ya ga ashe zanen da yake tsana yana da rana. Bayan karatu aka tura shi Kyuba likitan soja a 1874, zazzaɓin cizon sauro da atini suka kusa kashe shi, ya dawo gida ƙashi da rai. Wani abin sha'awa, Golgi ne bayan kimanin shekara goma ya bayyana sirrin wannan zazzaɓin, ya nuna cewa jiki na ɗaukar zafi ne daidai lokacin da ƙwayoyin cutar suka hayayyafa suka fasa jajayen ƙwayoyin jini, shi ya sa wani nau'in ke dawowa bayan awa 48, wani bayan awa 72. Da ɗan abin da ya tara a Kyuba Cajal ya sayi madubinsa na farko a 1877.

A 1887 ya je Madrid wani aikin jami'a, ya biya gidan likitan taɓin hankali Luis Simarro, wanda bai daɗe da dawowa daga Faris ba. Simarro ya ɗora masa gilashin da aka rina da haɗin Golgi. Cajal yana da shekara 35, kuma daga ranar bai sake kama wani aiki da hannu biyu ba sai wannan.

Dabaru biyu ya ƙara, kuma a ganina ta biyun ce ta raba shi da kowa. Ta farko, ya riƙa tsoma naman sau biyu don rinin ya ƙara kamawa. Ta biyu, ya daina kokawa da ƙwaƙwalwar babba. Jijiyar babba naɗe take da wani farin kitse da ke hana saƙo zurara yana ƙara masa gudu, kitsen nan kuma ba ya barin rinin shiga. Sai Cajal ya koma kan ɗan tsakon da ke cikin ƙwai da jariran dabbobi, waɗanda kitsen bai riga ya rufe jijiyoyinsu ba, rassan kuma ba su yi nisa ba. Mai son sanin yadda daji ya sarƙe, gara ya je tun itatuwan suna dashe. A 1888, yana Barcelona, ya duba ƙaramar ƙwaƙwalwar ƙeya ta tsuntsaye, wadda ke daidaita tafiya da motsi. A can akwai wasu manyan ƙwayoyi da Purkinje ya fara gani tun 1837, masu rassa baje kamar mafici. Cajal ya ga zaren wata ƙwaya ya zo ya kewaye gangar jikin babbar kamar kwando, ya tsaya nan. Ya ga wani zaren ya hau rassanta yana nannaɗe su kamar yaɗiya a jikin bishiya, shi ma ya ƙare. Ko'ina ya duba, zare na zuwa ya jingina, ba ya narkewa. Ya kuma lura da wasu ƙananan ƙayoyi a jikin rassan, waɗanda wasu suka ɗauka dattin rini ne, ya ce a'a, halitta ce.

Ya kafa mujalla da kuɗin aljihunsa, ya buga, ya aika wa manyan Turai. Shiru kake ji. Wa zai karanta Sifaniyanci, daga ƙasar da ba a san ta da kimiyya ba? Sai ya tuna gani ya kori ji. A watan Oktoban 1889 ya tattara ajiyarsa, ya ɗauki madubinsa da gilasansa, ya hau jirgin ƙasa zuwa Barlin, taron masana ƙirar jiki na Jamus. Ya kafa madubi a gefe, yana bayani da gurguwar Faransanci, mutane na wucewa. Da ya gaji, ya je ya jawo Albert von Kölliker, dattijo mai shekara 72 wanda maganarsa ce yanke a fannin, ya ce ya duba. Kölliker ya duba, ya sake dubawa. Dattijon nan ya koma gida ya maimaita gwajin da kansa, ya bar ra'ayin raga, har ya zauna koyon Sifaniyanci don ya karanta Cajal daga tushe. A hanyar komawa Cajal ya ratsa ta Pavia don ya gaida mai rinin, bai same shi a gari ba.

Shekaru uku da suka biyo baya ya zuba aiki kamar ruwan Agusta. A 1890 ya ga kan zaren jijiya a jikin ɗan tsako yana tsiro, da wani ɗan kumburi a gaba mai laluben hanya, shaidar cewa zaren daga ƙwaya ɗaya yake fita ya nemi inda za shi. Sannan ya tambayi kansa ta ina saƙo ke shiga, ta ina yake fita. Ya duba ido da hanci, inda ba a shakkar daga waje saƙo ke tasowa, ya ga kullum gajerun rassan ne ke fuskantar waje, dogon zaren na fuskantar ciki. Ya ce to haka abin yake ko'ina: rassa su karɓa, gangar jiki ta tattara, dogon zare ya kai gaba. Ya riƙa sa 'yan kibau a zanensa, alhali mataccen nama yake kallo, babu abin da ke motsi a cikinsa. Kibau ɗin nan akasarinsu sun yi daidai. A 1891 wani babban farfesa a Barlin, Wilhelm Waldeyer, ya tattara binciken Cajal da na wasu masana irin su His da Forel, ya raɗa wa ƙwayar suna niyuron, sunan ya bi duniya, har wasu suka riƙa jingina masa ilimin gaba ɗaya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ga yadda abin yake a aikace. Ka taka ƙaya ba takalmi. Saƙo ya tashi daga tafin ƙafa ya bi zare guda mai tsawon kusan mita ɗaya har laka, cikin ƙashin baya. A can ya miƙa wa wata ƙwayar, ita kuma ta miƙa wa mai ba tsoka umarni, ƙafa ta ɗage tun kafin labari ya kai ƙwaƙwalwa ka ce wash. Kamar magina ne masu jefa wa juna tubali daga ƙasa zuwa kan katanga, hannu zuwa hannu. Charles Sherrington na Ingila, wanda Cajal ya sauka a gidansa a Landan a 1894, ya lura cewa saƙon na ɗan jinkirtawa a kowace miƙawa, kuma ba ya komawa baya. A 1897 ya sa wa wannan mahaɗa suna sinaps. Amfanin mahaɗar shi ne a nan ake iya tsayar da saƙo, ko a ƙarfafa shi, ko a auna shi da wani. Ƙwaƙwalwar mutum, da nauyinta bai kai kilo ɗaya da rabi ba, tana da niyuron kusan biliyan 86, da yawansu kuma kowane na da dubban irin wannan mahaɗa.

Kada a ɗauka Golgi wauta ce ta hana shi yarda. Tambayarsa mai nauyi ce: in ƙwaƙwalwa tarin ƙwayoyi ne kowace zaman kanta take, yaya aka yi mutum ke jin kansa abu guda? Yaya wanda ya samu rauni a kai yake farfaɗowa, wani sashe ya karɓi aikin wani? Raga ta fi sauƙin amsa wannan. Sannan akwai gaskiyar da masu yabon Cajal kan tsallake: shi ma bai ga ratar da yake magana a kai ba. Faɗinta bai wuce a tsaga silin gashi gida dubu uku a ɗauki ɗaya ba, madubin da ke aiki da haske kuwa ba ya rarrabe abin da bai ninka haka sau goma ba. Dukansu biyu sun zana abin da ya wuce ganin gilashinsu. Bambancin shi ne Cajal ya tara shaidu ta hanyoyi da yawa, daga tsiron jijiya zuwa yadda take lalacewa in an yanke ta, lalacewar ta tsaya a iyakar ƙwaya ɗaya, shi kuwa Golgi ya tsaya inda ya tsaya tun yana saurayi, kiɗa ya canza bai canza rawa ba.

A 1906 aka ba su kyautar Nobel tare, karo na farko da aka raba ta fannin likitanci tsakanin mutum biyu. A Sitokholm suka fara haɗa ido. Ranar 11 ga Disamba Golgi ya hau mumbari, jama'a na jiran ya yi godiya ya ba da labarin rininsa. Sai ya ɗauki ra'ayin niyuron ya yi ta sara, ya ce ra'ayi ne da ya kama hanyar faɗuwa, ya sake kafa ragarsa kamar ba a yi shekara 18 ana bincike ba. Cajal na zaune yana ji. Washegari ya tashi ya jera hujjojinsa ɗaya bayan ɗaya, ya ambaci Golgi da girmamawa, ya sauka. Ba su shirya ba har abada. Golgi ya rasu a Pavia a 1926 yana kan bakansa. Cajal ya rasu a Madrid a 1934, kuma aikin da ya rufe rayuwarsa da shi dogon rubutu ne na kare niyuron daga masu raga, don har lokacin ba su ƙare ba.

Tun suna raye wata shaidar ta ɓullo daga wani gefen. A 1921 Otto Loewi, a birnin Graz na Ostiriya, ya ciro zuciyar kwaɗi biyu ya sa a ruwan gishiri suna bugawa. Ya tsokani jijiyar da ke rage bugun ta farko, ta lafa. Ya ɗebi ruwan da take ciki ya zuba wa ta biyu, wadda ba a taɓa jijiyarta ba, ita ma ta lafa. Ke nan bakin jijiya wani sinadari yake tofarwa, shi ke haye ratar. Sunansa asitilkolin, kuma shi ne ke kai umarni daga jijiya zuwa tsoka. Dafin wasu macizai dangin gamsheƙa toshe wurin saukarsa yake yi, tsokar numfashi ta daina jin kira. Maganin ƙwari irin fiya-fiya kuwa hana share shi yake yi bayan ya gama aiki, sai ya taru, tsoka ta yi ta karkarwa, yawu na dalala. Duk a 'yar ratar nan ake wannan ɓarna.

Ganin ido sai a 1954 zuwa 1955, da aka samu madubi mai aiki da kwararar lantarki maimakon haske. Palade da Palay a Amurka, da De Robertis da Bennett, suka fitar da hotunan mahaɗar: fatar ƙwaya a nan, fatar ƙwaya a can, fili a tsakani, ga kuma 'yan ƙunshin sinadari jere a bakin zaren suna jiran a sake su. Ƙayoyin da aka ce datti ne suka tabbata wuraren karɓar saƙo.

Madubin da ya kayar da Golgi a nan shi ya tashe shi a wani wurin. Tun 1898 ya ce ya ga wani abu mai kama da 'yar raga a cikin ƙwaya, aka yi shekara 50 ana cewa tabon rininsa ne kawai. Sabon madubin ya nuna yana nan, shi ke shirya kayan da ƙwaya ke fitarwa, kuma yau duk ɗalibin sakandaren da ya zana ƙwayar halitta sai ya rubuta sunan Golgi a gefe. A ƙarshen shekarun 1950 kuma Furshpan da Potter suka gano a jikin wata halittar ruwa dangin ƙaguwa cewa akwai mahaɗar da ba ta jiran sinadari, ƙwayoyin biyu na da 'yan ƙofofi a tsakaninsu da lantarki ke bi kai tsaye. Daga baya aka same su a ƙwaƙwalwar mutum ma, ba su kai na sinadari yawa ba, amma suna nan. Cajal shi ma an kama shi da kuskure: ya ce ƙwaƙwalwar babba ba ta haifar sabon niyuron, a shekarun 1960 Joseph Altman ya ga tana yi a jikin ɓeraye. A 1956 ƙauyen da aka haifi mai rinin ya ƙara sunansa a nasa, ya koma Corteno Golgi. A 1998 kumbon Columbia ya tashi da 'yan sama jannati masu binciken jijiya, cikin kayansu har da wasu zane-zanen Cajal da gilasan da ya rina da hannunsa.